Hanyar Navrongo: Yadda Bincike Ya Zauna a Asibitin Karkara

Ƙasar da babbar hanyar Kumasi zuwa iyakar Burkina Faso take ratsawa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Fataken goro sun daɗe da saninta, zangon da suka kafa a kowane babban gari yana nan da masallacinsa da mahautansa, kuma har yau matafiyi yana iya cinikin abinci da Hausa a tashar Techiman ko ta Tamale ba tare da neman tafinta ba. Sai dai akwai wani abin da ya fito daga ƙarshen wannan hanya ya shigo gidajenmu, yawancinmu kuwa ba mu san asalinsa ba. Gidan sauro mai magani da ake bai wa mai ciki a wurin awo, da bitamin A da ake ɗiga wa yaro a baki a makon rigakafi, babban kaso na hujjar da ta sa gwamnatocin Afirka suka amince da su an tattaro shi ne a ƙauyukan da ke kewaye da wani ƙaramin gari mai suna Navrongo. Tsakanin garin da Accra akwai kimanin kilomita 800, kuma yankin yana cikin mafiya talauci a Ghana. Duk mai bin wannan hanya da tunanin lafiyar mutanen karkara a ransa sai ya tambayi kansa yadda aka yi ilimi irin wannan ya fito daga nan. Amsar da nake ganin hujja ta fi goya wa baya ita ce, Ghana ta shigar da bincike cikin hukumar lafiyarta, ta bar shi ya zauna a karkara shekara da shekaru, har ma'aikatan wurin suka girma tare da shi.

Zangon farko shi ne Kintampo, a tsakiyar ƙasar, inda kurmi yake fara ja da baya sarari yana buɗewa. A ƙarshen ƙarni na 19, da kasuwar Salaga ta yi rauni, Kintampo na cikin wuraren da cinikin goro ya koma. A 1994 aka buɗe cibiyar binciken lafiya a garin, ɗaya daga cikin uku da hukumar lafiya ta Ghana take da su, sauran biyun su ne ta Navrongo da ta Dodowa kusa da Accra. Aikin Kintampo da ya fi cancantar a tuna da shi wanda bai zo da albishir ba ne. Wani bincike a ƙasar Nepal ya nuna alamar cewa idan ana bai wa mata bitamin A kowane mako, mutuwa wajen ciki da haihuwa tana raguwa. Ma'aikatan Kintampo suka bi mata fiye da 200,000 gida-gida har tsawon shekaru, sakamakon ya fito a 2010, ya nuna maganin bai rage mutuwar mata ba. Da ba a sami wannan amsa ba, da ƙasashe matalauta sun zuba kuɗi da ƙarfin ma'aikata a kan abin da ba zai ceci kowa ba. Amsa irin wannan kuwa ba ta samuwa ga baƙon da ya zo ya yi wata uku ya koma. Sai mai zaune, wanda ya san kowace mace da sunanta da gidanta, wanda kuma zai dawo wata mai zuwa.

Daga Kintampo hanya tana tsallake Baƙin Volta a Buipe, Farin Volta a Yapei, ta shiga Tamale, ta wuce Savelugu da Walewale, ta sake tsallake Farin Volta a Pwalugu kafin Bolgatanga. Tun daga Tamale ɗan Katsina ko ɗan Maraɗi zai ji kamar ya dawo gida: ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga kuka, ga gonakin gero da dawa da gyaɗa, damina ɗaya a shekara, hunturu da ƙurarsa, sannan bazara mai zuwa da sanƙarau. Navrongo tana kimanin kilomita 30 daga Bolgatanga. Masu yawon buɗe ido suna zuwa ne don cocin laka da 'yan mishan na Katolika suka gina bayan isowarsu a 1906, da madatsar ruwa ta Tono, da kadojin Paga da ke bakin iyaka. Mai lura da harkar lafiya kuwa abin da zai fara gani shi ne yadda Kassena da Nankana suke zama. Ba su cure wuri ɗaya kamar ƙauyukanmu ba. Kowane gida na laka mai soro yana tsakiyar gonarsa, tsakaninsa da maƙwabci akwai tafiya, idan ruwa ya sauka kuma hanyoyi da yawa sai ƙafa. A irin wannan zama, asibiti ɗaya a cikin gari yana iya cika da marasa lafiya kullum alhali yawancin yaran da ke mutuwa ba su taɓa isowa ƙofarsa ba. Littafin rajistar asibiti bai san da su ba, ma'aikatar lafiya ma haka.

Wannan giɓi ne aikin Navrongo ya fara cikewa. A 1988 aka kafa sansani a garin don gwada amfanin bitamin A ga yara, da haɗin gwiwar ma'aikatar lafiya ta Ghana da jami'ar kimiyya ta Kumasi da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. An zaɓi yankin ne saboda ƙarancin sinadarin ya yi yawa a can, dundumi kuma sananne ne. An bi yara kusan 22,000, sakamakon da aka wallafa a 1993 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 19 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka bai wa maganin. Galibi a nan labarin irin waɗannan ayyuka yake ƙarewa: Turawa su kwashe takardunsu, a raba motoci, a sallami matasan da aka horar su koma gona. A Navrongo ba a yi haka ba. A 1992 ma'aikatar lafiya ta karɓi sansanin da mutanensa da kayansa ta mayar da shi cibiyarta ta dindindin, aka ba wa wani likita ɗan ƙasar, Fred Binka, shugabancinta. A ganina wannan shawara ta fi sakamakon bitamin A ɗin kansa tasiri, domin duk abin da ya biyo baya a kanta ya tsaya.

Aikin farko da sabuwar cibiyar ta sa a gaba, tun daga 1993, shi ne ƙidaya marar yankewa. Aka bai wa kowane gida lamba, aka rubuta kowane mutum, ma'aikata suna zagayawa a kan keke da babur bayan kowane 'yan watanni suna tambayar wa aka haifa, wa ya rasu, wa ya yi aure, wa ke da ciki, wa ya tafi ci-rani kudu. Idan an yi rasuwa, bayan an gama zaman makoki sai wani ya je ya zauna da iyalan ya tambayi yadda ciwon ya faro da yadda ya ƙare, likitoci su duba bayanin su ƙiyasta sanadin mutuwar. Mutanen da ake bi da wannan tsari sun haura 150,000. Aiki ne mai gajiyarwa wanda ba ya jawo yabo, kuma yawancin masu yin sa matasan yankin ne da suka gama sakandare, masu jin Kasem da Nankam. Amma da shi ne gunduma ta iya sanin adadin yaran da take rasawa a shekara da abin da ke kashe su, kuma da shi ne za a iya auna kowane sabon abu da aka kawo. Shi ya sa da aka so sanin ko gidan sauro mai magani yana ceton rai, Navrongo ta zama cikin wurare ƙalilan a Afirka da za su iya amsawa. Sakamakon 1996 ya nuna raguwar mutuwar ƙananan yara da kashi 17 cikin ɗari, ya haɗu da na Gambiya da na Kilifi a Kenya, kuma wannan hujja ce shugabannin Afirka suka dogara da ita a taron Abuja na 2000 kan zazzaɓin cizon sauro.

Babban aikin cibiyar, wanda ya canza fasalin asibitin karkara a Ghana baki ɗaya, bai shafi wani sabon magani ba. Tambayar da aka yi ita ce: me ya sa ake da ma'aikatan jinya zaune a ɗakunan shan magani babu marasa lafiya, ga kuma yara suna mutuwa a gida? Daga 1994 aka fara gwaji a ƙauyuka kaɗan, ana zama da hakimai da dattawa da mata ana tambayarsu yadda suke son a kawo musu aikin, a 1996 aka faɗaɗa shi. Aka raba gundumar kashi huɗu. A kashi na farko aka tura nas ta koma cikin ƙauye da zama, jama'a suka gina mata ɗaki da aikin gayya, aka ba ta babur tana bin gidaje. A na biyu aka dogara da 'yan sa-kai da kwamitocin gari, tsarin da aka kira zurugelu. A na uku aka haɗa biyun, na huɗu aka bar shi yadda yake don a kwatanta. Inda nas ta zauna, mutuwar yara ta ragu da fiye da rabi cikin shekara 3. Inda aka haɗa nas da taron gari, inda maza suke jin batun tazarar haihuwa a bainar jama'a daga bakin shugabanninsu, haihuwa ta ragu da kimanin ɗa ɗaya ga kowace mace. Inda aka bar 'yan sa-kai su kaɗai kuwa mutuwa ba ta ragu ba, wani nazari ma ya nuna ta ƙaru a tsakanin 'yan shekara ɗaya, masu binciken kuma suka danganta hakan da yadda iyaye ke karɓar maganin zazzaɓi a hannun ɗan sa-kai su jinkirta zuwa asibiti. Wannan sakamako na ƙarshe ya saɓa wa abin da hukumomin duniya suka daɗe suna yayatawa, kuma wanda ke zaune a ofis a Accra ko Janiba ba zai taɓa gano shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1999 Ghana ta ɗauki tsarin a matsayin manufar ƙasa, wanda aka fi sani da CHPS, kuma ƙananan gine-ginen da matafiyi ke gani a bakin hanya daga Walewale zuwa Paga, da babur jingine a ƙofa, 'ya'yan wannan gwaji ne.

Akwai masu cewa duk wannan almubazzaranci ne a wurin da asibiti ba shi da safar hannu, kuma kuɗin da za a biya mai zagaye da takarda gara a sayi magani da shi. Maganar tana da nauyi, domin mai faɗarta yakan kasance ya ga ɗakin haihuwa babu wuta. Amma talauci shi ne babban dalilin yin bincike. Mai kuɗi yana iya gwada hanya goma ya zubar da tara, wanda kasafinsa bai kai ko'ina ba kuwa kuskure ɗaya yana cinye masa shekaru. Da Ghana ta zaɓi hanya mai araha ta cika ƙauyuka da 'yan sa-kai masu jakar magani, da an yi bikin ƙaddamarwa, an rubuta rahotanni masu daɗi, yara kuma suna ci gaba da mutuwa babu mai ƙirgawa.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa. Yawancin kuɗin binciken Navrongo daga waje yake zuwa, daga Ingila da Amurka da hukumomin duniya, kuma mai biya yakan zaɓi tambayar da za a yi. Gaskiya ne, kuma ba na ganin amfanin ɓoye ta. Cututtukan da masu ba da tallafi suka damu da su sun fi samun kulawa, ƙidayar kanta ma takan shiga wahala duk lokacin da wani tallafi ya ƙare kafin wani ya zo. Duk da haka akwai bambanci babba tsakanin baƙon da ya zo ya tarar da fili babu mai shi da wanda ya tarar da cibiyar gwamnati mai shugaba da ma'aikata da kwamitin da ke tantance kowane aiki kafin a fara. A yanayi na biyu ana yin ciniki: za mu gwada muku allurar gudawa, amma za ku horar mana da mutum kaza har digiri na biyu da na uku, ɗakin gwaje-gwaje kuma zai zauna a nan. Ta haka ne gwajin allurar rigakafin gudawar yara da binciken sanƙarau suka bar wa garin mutane da kayan aiki. Abin da sukar take nunawa shi ne gwamnati ta riƙa biyan kuɗin ginshiƙin aikin daga aljihunta, ba a fasa aikin ba.

Mu a ƙasar Hausa muna da wani tsoro na daban, kuma muna da dalilinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Raɗaɗin wannan na cikin abin da ya ƙarfafa ƙauracewa allurar shan-inna a 2003. Don haka idan aka ce bincike, uba a ƙauye yana da haƙƙin ya ɗaure fuska. Amma a dubi yadda abin Kano ya faru: tawaga ta zo daga nesa, ta yi 'yan makonni, ta tafi, babu wanda ke zaune a unguwa da za a tare a tambaya. Ma'aikacin Navrongo kuwa a kasuwa ɗaya yake cefane da waɗanda yake bincike a kansu, kuma zai koma gidan nan bayan wata huɗu. Hakan bai kawar da matsalar gaba ɗaya ba. Wata ma'aikaciyar cibiyar, Paulina Tindana, ta yi nazari a kan yadda ake neman amincewar mutane a yankin, ta nuna cewa izinin hakimi da na maigida da kuma yarda da cibiyar suna da tasiri sosai a kan shawarar da mutum yake yankewa. Abin lura shi ne daga cikin gidan aka tayar da wannan tambaya, kuma mai tayar da ita ta zama ƙwararriya a fannin ɗa'ar bincike a Jami'ar Ghana.

Sai kuma masu cewa Navrongo wuri ne na musamman, mai motoci da masana, abin da ya yiwu a can ba zai yiwu a gundumar da ba ta da kowa ba. Jami'an lafiya na Ghana ma sun faɗi haka a lokacin. Amsar ta zo daga Nkwanta, wata gunduma mai nisa a gabashin ƙasar, inda likitan gunduma John Koku Awoonor-Williams ya kai ma'aikatansa Navrongo suka gani da idonsu, suka dawo suka gwada tsarin a 1998 da ɗan abin da suke da shi, suna auna sakamakonsu da kansu. Nasarar Nkwanta ce ta gamsar da sauran gundumomi. Ko bayan nan yaɗuwar CHPS ta yi jinkiri shekaru da dama, kuma da aka so sanin dalilin jinkirin, bincike aka sake komawa a yankin Upper East, inda Navrongo take, a lokacin da Awoonor-Williams yake daraktan lafiya na yankin. A nan ake ganin amfanin zaman bincike a cikin hukuma: mai gano matsala da mai ikon gyara ta ma'aikata ɗaya suke yi wa aiki, wani lokaci ma mutum ɗaya ne. Gaskiya ne ƙwararru da yawa suna barin garin. Binka kansa ya jagoranci INDEPTH, ƙungiyar cibiyoyin ƙidaya irin wannan da aka kafa a 1998, daga baya ya zama shugaban farko na jami'ar kimiyyar lafiya da ke Ho. Amma tafiyar mutum daga wurin da ke ci gaba da yaye wasu ba asara ba ce ga ƙasa.

Kwalta tana wuce Paga ta shiga Burkina Faso, tunanin mai karatu na ƙasar Hausa kuwa gabas zai nufa, domin mu ma an taɓa yin irin wannan aiki a wurinmu, har ma mun riga Navrongo. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, a jihar Jigawa ta yanzu, ana fesa magani a ɗakuna ana raba ƙwayoyi ga jama'a. Ya nuna ana iya rage cutar ƙwarai amma ba a iya katse ta da waɗannan hanyoyi a irin yankinmu, kuma littafin da aka fitar a kansa a 1980 har yau masana suna komawa gare shi. A shekarun 1970 an yi wani aikin a Malumfashi tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, a Zariya kuma Brian Greenwood ya yi shekaru yana binciken sanƙarau kafin ya koma Gambiya a 1980. Ilimin ya fita ya amfani duniya, amma ba a mayar da Garki ko Malumfashi cibiyar dindindin irin ta Navrongo ba. Farashin rashin ƙidaya ya bayyana a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya, kuma sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen kafin a san abin da ke faruwa. A wannan jihar aka kafa tsarin ƙidaya a Nahuce, ƙaramar hukumar Bunguɗu, a 2009, wanda ya nuna hanyar ba ta gagare mu ba, ko da yake rashin tsaro ya sa bin gidaje a wannan yanki ya zama kasada.

Ba gini ne abin da jihohinmu suka fi buƙata ba. Muna da sassan nazarin lafiyar al'umma a asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato, muna da makarantun fasahar lafiya da ke yaye ma'aikata kowace shekara, kowane ɗakin shan magani kuma yana da littattafan rajista da ake cikawa a tura sama ba tare da mai cikawar ya taɓa jin abin da suka nuna ba. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar lafiya ta zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya, ta ɗaura aikin a jikin babban asibitin wurin, ta ɗauki 'ya'yan yankin su riƙa zagaye, ta sa albashinsu a kasafin jiha, ta buɗe matakin ƙarin girma ga nas ko likitan da ya zaɓi bincike don kada sai ya koma birni kafin ya ci gaba, ta kuma kafa kwamitin tantancewa mai wakilan sarakuna da malamai da mata. Alƙaluman irin wannan wuri ba sa fara magana sai bayan shekaru, abin da yakan wuce wa'adin gwamna ɗaya. Saboda haka majalisar dokokin jiha ce ya kamata ta kafa cibiyar da doka, ta ware mata kasonta a kasafi, yadda sauyin kwamishina ko ƙarewar tallafin waje ba zai tsayar da masu zagayen ba.